Amsar Wasiƙunku: Shin Haka Shehu Usmanu Ya Fara?

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani manomi a ƙasar Gagarawa. Ya ce ɗansa ya tafi karatu shekara biyu, ya dawo gida yana wa'azi, har ya daina bin limamin garinsu salla, yana cewa dattawa duk ba sa kan hanya. In an yi masa magana sai ya ce ai haka Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi. Shi ne yake tambaya, wai da gaske haka Shehu ya fara?

To, Malam, Allah ya ba ka haƙuri. Bari mu duba ƙuruciyar Shehu, sai kai da yaronka ku auna.

An haifi Shehu a Maratta, cikin ƙasar Gobir, a shekarar 1754, ya kuma tashi a Degel. Wurin mahaifinsa, Malam Muhammadu Fodiyo, ya karanta Alƙur'ani. Daga nan ya zauna da wani malami ɗan'uwansu, Malam Usmanu Binduri, kusan shekara biyu. Ƙanen Shehu, Malam Abdullahi na Gwandu, ya nuna cewa bayan karatu, har halin wannan malami Shehu ya kwaikwaya, wato tsoron Allah, da horo da kyakkyawa, da hani da mummuna.

Sai kuma Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda Shehu ya bi har Agadas. Da Malam Jibrilu ya tashi tafiya Makka, Shehu ya so ya bi shi, amma malamin ya mayar da shi gida don bai nemi izinin mahaifinsa ba. Ga saurayi mai begen Makka da Madina, amma ya juyo bai yi musu ba. Har Allah ya karɓi ransa a 1817 bai samu zuwa aikin hajji ba.

Shi Malam Jibrilu mutum ne mai tsanani, yana ganin manyan zunubai suna fitar da Musulmi daga addini. Shehu bai yarda da wannan ba, ya rubuta hujjojinsa, amma bai daina girmama malaminsa ba. Haka kuma ya yi rubutu mai yawa yana tsawata wa waɗansu ɗalibai masu kafirta talakawa don kawai ba su iya zayyana hujjojin tauhidi ba.

Gaskiya ne Shehu ya fara wa'azi yana ɗan shekara 20, wajen 1774. Amma da me ya fara? Da koya wa mutane tauhidi da tsarki da salla da azumi, cikin Fulatanci da Hausa, daga Degel zuwa Kabi da Zamfara. Kuma wa'azin bai hana shi ɗalibta ba, don ya haura shekara 30 lokacin da ya karanta Buhari wurin Malam Muhammadu ɗan Raji. Hijirarsa zuwa Gudu kuwa sai a 1804. Ku lissafa, shekara 30 ke nan yana karantarwa.

Ko a wajen Kirista ma, Bajamushen nan Martin Luther ya shiga gidan ibada a 1505, yana karatu yana tuhumar kansa, bai fito fili da gyaran da yake nema ba sai a 1517.

Saboda haka, Malam, kada ka yi wa yaron baki. Kira shi cikin dare, ku biyu, ka saurare shi. In akwai gaskiya a maganarsa, ka karɓa, ba faɗuwa ba ce. Sannan ku je tare wurin malamin da ya fi shi sani, ya ci gaba da ɗaukar karatu. Kai kuma saurayi, in kana jina, kai ɗan manomi ne, ka san wanda ya yanke riɗi tun bai nuna ba, ko ya kai shi kasuwar Maigatari ran Alhamis, ba zai samu kuɗin kirki ba.