Gardi Ba Ya Zama Malam Sai Ya Biya wa Kolo

(Jawabin da ɗaya daga cikinmu ya gabatar a taron shekara na ƙungiya, a Kazaure)

Malam shugaban taro, iyayenmu malamai waɗanda suka sha ɗawainiyarmu, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai da kuka taso daga Roni da Gwiwa da Babura da sauran wurare, ina yi muku barka da zuwa. An umarce ni in yi magana a kan yadda karantarwa da hidima ke gina mai neman ilmin addini. A gaban waɗannan dattawa, maganata ta ɗalibi ce, in na karkace su daidaita ni.

Bari in ɗauko zancen daga tsangaya, domin mafi yawanmu da allo muka fara kafin mu riƙe fensir. Kun san yaro yana shiga ne a matsayin kolo, ya zama titibiri, sannan ya kai gardi. To, a nan ne nake so mu ɗan tsaya. Alaramma shi kaɗai ba zai iya biya wa kowane yaro karatu ba, saboda haka sai ya raba wa gardawa ƙananan. Gardi ne zai rubuta wa kolo allonsa, ya biya masa, ya saurare shi, ya ce ya wanke ko kuwa ya sake. Alhali shi kansa bai gama ba, yana da tilawarsa da yake tsoron ta kuɓuce masa.

Wani zai ce ai an tauye shi. Ko kusa. Wanda ya yini yana nuna wa yaro bambancin ha ƙarami da ha mai ruwa, yaron na mantawa yana sake nuna masa, ya koyi haƙurin da ba ya samuwa a cikin littafi. Daɗin daɗawa, ayar da ka gyara wa wani sau goma ta zauna maka ke nan. Sannan ga kunya: gardin da yara ke kallo ba ya iya makara sallar Asuba. Ta haka nauyin yara ke gyara masa hali tun bai ankara ba, har ranar da malam zai dube shi ya ce ya isa ya kafa tasa makarantar. Shi bai zaɓi malanta rana ɗaya ba, a cikinta ya girma.

Hidima kuwa ita ce noman gonar malam da damina, da ɗebo ruwa, da yo itacen da za a hura wutar karatun dare. In an yi girbi sai masu ƙarfi su nufi gabas, wajen Haɗeja da Nguru da Borno, neman ƙarin karatu. Ɗan sarki da ɗan talaka duk fartanya ɗaya suke riƙewa, girman kai ya karye.

Magabatanmu ma haka suka bi. An haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1754, ya fara wa'azi da karantarwa a Ɗegel yana ɗan shekara 20, kuma bai daina zuwa gaban malamai ba don ya fara tara nasa ɗaliban. Ƙaninsa Abdullahi a hannunsa ya yi karatu, yana biye da shi a yawon wa'azi har ƙasar Zamfara. Kimanin shekara 30 aka yi ana wannan aiki kafin hijira zuwa Gudu a 1804. Mu a nan mun fi riƙe labarin tutar da Ɗantunku ya karɓa, mukan manta da shekarun allo da buzu da suka riga ta. 'Yar Shehu, Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ita ce ta tsara 'Yan Taru. Takan naɗa wa jaji malfa, jajin ta koyi karatu a wurinta, ta koma ƙauye ta koyar da mata. Ɗaliba ce a birni, malama a ƙauye.

To, jama'a, kada son abin da ya wuce ya rufe mana ido. Yaro ɗan shekara 6 da ke yawo da roba a tasha ba hidima yake yi ba, yunwa ce ta koro shi. Hidima a gaban malami ake yin ta, yana gani, yana gyarawa. Inda babu gona, babu gardin da zai zauna domin shi ma ya tafi neman na tuwo, me ya rage? Gwamnati ta buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi ta Sakkwato a 2012, a 2020 lokacin annobar korona muka ga ana kwasar yara a manyan motoci ana mayar da su jihohinsu, a 2023 kuma aka kafa hukumar tarayya ta almajirai. Duk da haka ban ga abin da zai maye gurbin babba ya zauna a tabarma da ƙarami ba.

Mu kanmu mun ɗanɗana wannan a makarantarmu. Ku tuna bayan Magariba, yadda 'yan aji biyar kan zaunar da 'yan aji ɗaya a masallaci su biya musu Ahalari da Ishmawi, wasu na share harabar, wasu na cika butoci. Ku duba cikin zauren nan, da yawa daga masu biyawar nan su ne yau limamai da malaman makaranta.

Roƙona biyu ne. Na farko, kowane aji da ya fita ya ɗauki nauyin gardi ɗaya a wata tsangaya ta garinsu, abincinsa da sabulunsa, domin ya zauna da yara maimakon ya tafi ga-ruwa. Na biyu, duk wanda Allah Ya ba wani abu na karatu a cikinmu, fiƙihu ne ko lissafi, ya ware yammacin Asabar ɗaya a wata ya zo ya zauna da ƙannenmu. Ba kuɗi kaɗai nake nufi ba, domin aika kuɗi ya fi zuwa da kai sauƙi. Sakatare ya ajiye takarda a bakin ƙofa, mai niyya ya rubuta sunansa da ajinsa kafin a tashi cin abinci.

Allah Ya jiƙan malamanmu da abokanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya ƙara wa na raye lafiya. Wassalamu alaikum.