Ƙidayar Ambato da Fosfat ɗin Tawa

Wanda zai karanci kimiyyar sinadarai a cikinku ya sani, da ƙidaya za a auna shi: maƙaloli nawa ya buga, sau nawa masana suka ambace su. A ma'aunin Hirsch na 2005, in kana da maƙala goma, kowace an ambace ta aƙalla sau goma, makinka goma ke nan. Hukumar CAMES da ke Wagadugu ma maƙaloli take dubawa kafin ƙarin girma.

To amma ku dubi fosfat ɗin Tawa, da masana suka gwada a matsayin takin hatsi. In bincikenka ya nuna yadda zai narke cikin ƙasarmu mai rairayi, manomin Barmu zai ga amfanin a rumbunsa, amma shi ba ya rubuta maƙala, balle ya ambace ka.