Gina Ɗorin PHP A Kan Sabar Apache Daga Rubutun Asali, Da Hanyoyin Gwada Shi



A zamanin nan, yaron da ya taso daga Kuberi ko Jega ko Maiyama da nufin shiga jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa cikin 2006, ba zai kai ga zama cikin aji ba sai sunansa ya bi ta intanet, tun daga rajistar jarrabawar JAMB. Haka kuma ma'aikaci, yawancin takardun da dā ake jibgewa cikin fayil yanzu a shafin intanet ake cika su. Wannan lacca za ta dubi wani ɗan yanki na injin da ke bayan irin waɗannan shafuffuka, watau yadda ake gina shi daga tushe, da yadda ake jarraba shi kafin a danƙa masa amanar sunayen jama'a da sakamakon jarrabawarsu.

Kwamfutar da ke ajiye shafi tana miƙa shi ga mai nema ita ake kira saba, wasu masu fassara kuwa suna ce mata uwar garke. Sunan ya haɗa har da manhajar da ke yin aikin miƙawar, kuma wadda ta fi shahara cikin tarihi ita ce Apache, wadda ta fito cikin 1995 daga gyare-gyaren da wasu masana suka yi wa sabar NCSA ta Jami'ar Illinois a Amurka. Aikin saba na asali kamar na masinjan ofis ne: a ce masa ɗauko takarda kaza, ya ɗauko. Ba ya lissafin maki, ba ya duba ko an biya kuɗin makaranta. Dabarar farko da aka yi domin cike wannan giɓi ita ce CGI, cikin 1993, inda saba ke tayar da wata manhaja dabam duk sa'ad da aka yi tambaya, ta ba da amsa sa'an nan ta mutu. Idan masu tambaya suka yi yawa, sai tayarwa da kashewa su cinye ƙarfin kwamfutar.

Robert Thau ne ya sake tsara Apache cikin 1995 ta yadda za a iya ɗora mata ƙarin sassa, kowane sashe ya zauna cikin jikinta yana aiki tare da ita. Irin wannan sashe za a kira shi ɗori a nan, kuma kalmar ba baƙuwa ba ce a Aliero, garin da ake zuwa daga nesa neman masu ɗorin karaya. Cikin 1996 Gisle Aas ya fara ɗora harshen Perl a kan Apache, Doug MacEachern ya karɓi aikin ya raya shi da sunan mod_perl. Harshen PHP kuwa Rasmus Lerdorf ne ya sake shi ga jama'a cikin 1995, Zeev Suraski da Andi Gutmans suka sake rubuta zuciyarsa, aka sami PHP 3 cikin 1998. Da PHP aka rubuta WordPress, da shi aka rubuta Moodle wadda jami'o'i da yawa ke koyarwa da ita, saboda haka a kansa za a fi ba da ƙarfi.

Rubutun asali shi ne abin da masu tsara manhaja suka rubuta da hannunsu, a nan da harshen C, wanda mutum zai iya karantawa amma kwamfuta ba ta aiki da shi sai an juya mata shi zuwa harshen inji. Manhajar da ke wannan juyi ita ce kwamfaila, kamar GCC wadda Richard Stallman ya fitar cikin 1987. Mai tambaya zai ce, ina amfanin wannan wahala, alhali Debian da Ubuntu suna ba da PHP ginanne, umarni ɗaya ya isa a kafa shi? Tambayar tana bisa hanya. A gaskiya ma, ƙaramin ofishin da ba shi da ƙwararre na dindindin ya fi masa alheri ya tsaya ga ginannen, domin masu shi ne za su riƙa aiko da gyara. Amma akan sami lokacin da ginannen ya tsufa ga bukatar wata manhaja, ko ya rasa wani sashe, ko kuma a so a rage shi ya zauna a ƙaramar kwamfuta. Ban da wannan, ɗalibin kimiyyar kwamfuta da bai taɓa gina kome daga tushe ba, ranar da saba ta tsaya cik sai dai ya kashe ya kunna yana fata.

Matakin farko shi ne samo rubutun da tabbatar da sahihancinsa. Masu PHP suna buga wata doguwar lamba mai suna SHA-256 tare da kowace fitowa, da kuma sa hannu na sirri, domin wanda ya sauke kundin ya gwada ya ga ko an taɓa shi a hanya, ko kuma ya yanke saboda raunin layi. Mutane da yawa suna tsallake wannan. Ran 28 ga Maris 2021 wasu ɓarayin intanet suka cusa gyara biyu na mugunta cikin ma'ajiyar rubutun PHP, suka liƙa musu sunayen Rasmus Lerdorf da Nikita Popov, da nufin buɗe ƙofar baya ga duk sabar da ta ɗauka. An gano abin kafin ya shiga wata fitowa, aka kuma mayar da ma'ajiyar zuwa GitHub. Darasin da ke ciki shi ne, mai gini domin aikin jama'a ya ɗauki fitowar da aka sa wa hannu, ya bar rubutun da ake kan sassaƙa. Amma fa sa hannu ma ba ya maganin kome da kome. Cikin Maris 2024 Andres Freund ya gano irin wannan ƙofa cikin manhajar xz, wadda ɗaya daga cikin masu kula da ita ne da kansa ya ɓoye ta cikin kayan gini da kundayen gwaji.

Bayan an kwance kundin, sai a kira umarnin configure. Aikinsa shi ne leƙa kwamfutar ya ga abin da ke akwai: wace kwamfaila, waɗanne kayan aro, ina Apache take. Apache tana da wani ɗan hadimi mai suna apxs, wanda ya san inda aka ajiye sassanta da yadda aka gina ta, kuma tilas ne a nuna wa configure wurinsa ta hanyar zaɓin --with-apxs2, in ba haka ba za a gama gini a tarar babu ɗorin ko kaɗan. Wannan kuwa yana da muhimmanci domin ɗori ba ya kama sai da irin jikin da aka auna shi da shi. Wanda aka gina domin Apache 2.2 ba zai hau 2.4 ba, wadda ta fito cikin 2012. Yawancin masu koyo a nan suke fara tuntuɓe. Configure zai tsaya ya ce bai ga libxml2 ba, ko sqlite3, alhali mai ginin ya san suna cikin kwamfutar. Abin da ya rasa shi ne kundayen bayaninsu na masu gini, waɗanda a Debian sunansu ke ƙarewa da -dev, kuma dabam ake saukar da su.

A wannan mataki ne kuma ake zaɓen sassan da za a haɗa, kuma akwai ɗaya da ya shafi Bahaushe kai tsaye, watau mbstring, wanda ba ya shiga sai an nemi a sa shi. A tsarin UTF-8 haruffan boko na yau da kullum kowanne gurbi ɗaya yake ci, amma ɓ da ɗ da ƙ gurbi biyu-biyu suke ci, alamar naira kuwa uku. Umarnin strlen gurabe yake ƙirgawa, saboda haka sunan Ɗanladi, mai haruffa 7, zai ce 8 ne. Idan aka yanke suna da irin wannan ƙirga, ana iya raba harafi biyu ya fito da wata alama marar ma'ana a takardar shaida. Haka kuma strtoupper ba ya mayar da ƙaramin ƙ babba. Sai da mbstring waɗannan ke daidaita.

Sa'an nan sai make, wanda Stuart Feldman ya ƙago cikin 1976. Shi ke bin kundayen C ɗaya bayan ɗaya yana miƙa wa kwamfaila, a ƙarshe ya haɗa su su zama libphp.so, wanda shi ne ɗorin. Yana da wata falala ga ƙasar da wuta ke ɗaukewa: idan aka katse shi, in an sake kira yakan ci gaba daga inda ya tsaya. Sai dai in wutar ta ɗauke ne tsakiyar rubuta wani kundi, gara a share da make clean a faro.

Gamawar make ba tare da kuka ba, abin da take nunawa kurum shi ne rubutun ya juyu. Ko yana aiki daidai, wannan sai make test. Cikin rubutun PHP akwai kundayen gwaji fiye da dubu goma, masu ƙarewa da .phpt, kowanne ɗauke da ɗan umarni da kuma amsar da ake sa ran gani. Ana gudanar da su, a gwama abin da ya fito da abin da aka zata, a ƙarshe a ba da jimla: waɗanda suka ci, waɗanda suka faɗi, da waɗanda aka tsallake. Mutum biyu ne ke ɓata a nan. Akwai mai gaggawa wanda ba ya yin gwajin sam, akwai kuma wanda ya ga gwaji biyar sun faɗi ya firgita ya watsar da aikin duka. Abin da ya kamata shi ne a buɗe kundin .diff da kowane faɗaɗɗen gwaji ya bari, a karanta. Wani gwajin ya faɗi ne don yana neman intanet kuma layi ya yanke, wannan ba laifin gini ba ne. Amma in wanda ya faɗi ya shafi ɓoye kalmar sirri, ko lissafin kwanan wata, ko magana da rumbun bayanai, to, ba a matsawa gaba sai an gano dalili. Jerin waɗanda aka tsallake ma abin dubawa ne, domin in aka ga an tsallake gwaje-gwajen mbstring gaba ɗaya, alama ce sashen bai shiga ginin ba.

Akwai wani abu da ba kowa ya lura da shi ba. Make test na PHP ba ya taɓa Apache. Yana gwada PHP ɗin da ake kira daga layin umarni ne, wanda aka gina tare da ɗorin. Ana iya cin gwaji duka, ɗorin kuma ya ƙi hawa. A nan mod_perl ya fi tsanani, domin nasa gwajin yana tayar da Apache ta gaske a ƙofa mai lamba 8529, ya aika mata tambayoyi kamar yadda mai ziyara zai yi, ya rubuta kurakurai cikin kundin t/logs/error_log. Mai gina PHP shi zai yi wa kansa wannan kashi na biyu. Bayan make install, sai ya kira apachectl configtest ya ji ko tsarin ya karɓu, ya kira httpd -M ya ga sunan php_module cikin jerin ɗore-ɗoren da suka hau.

Saura layin da ke gaya wa Apache cewa duk kundi mai ƙarewa da .php ta miƙa wa ɗorin. In aka manta shi, saba ba za ta yi kuka ba. Za ta koma halinta na masinja, ta ɗauko rubutun yadda yake ta miƙa wa duk wanda ya tambaya, har da kalmar sirrin rumbun bayanai in tana ciki. Cikin Agusta 2007 wani kuskuren tsara saba ya sa rubutun PHP na shafin farko na Facebook ya bayyana ga masu ziyara, aka kwafe shi aka baza. Saboda haka ake fara gwaji da ɗan shafi mai kiran phpinfo, a ga ya fito da jadawalin bayani, sa'an nan a goge shi nan take, domin shi ma yana tona asirin sabar.

Gwaji na ƙarshe babu wanda zai rubuto shi daga Turai, sai mai gini ya tsara abinsa bisa ga wurin da yake. A shigar da sunaye masu ɓ da ɗ da ƙ, a ajiye, a sake kiransu, a buga a takarda. A duba agogo: in ba a sa date.timezone a kan Africa/Lagos cikin php.ini ba, PHP kan bi lokacin UTC, wanda ke bayan na Nijeriya da sa'a ɗaya, sai rajistar da aka ce za a rufe sha biyun dare ta kai ƙarfe ɗaya, biyan da aka yi bayan tsakar dare kuma ya ɗauki kwanan watan jiya. A kuma aika tambayoyi masu yawa a lokaci guda da manhajar ab wadda ke zuwa tare da Apache, domin ranar fitowar sakamako kowa ke zuwa tare. Ɗorin PHP ya fi zama lafiya da tsarin Apache mai suna prefork, wanda ke cin ƙwaƙwalwar kwamfuta da yawa, shi ya sa wurare masu cunkoso da dama suka koma ga PHP-FPM, wanda ya shiga PHP cikin 2010, inda harshen ke zaune a gefe saba tana aika masa aiki. Duk wannan a kwamfutar gwaji ake yi, ba a wadda jama'a ke amfani da ita ba.

Wanda ya gina da hannunsa ya ɗauki nauyin gyara a wuyansa, domin babu mai aiko masa da shi. Bisa ga ƙa'idar da aka sabunta cikin 2024, kowane reshen PHP yana samun gyara na shekara biyu, sa'an nan gyaran tsaro kurum na wasu shekara biyu, PHP 5.6, alal misali, an daina kula da shi tun ƙarshen 2018. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 kuma ta ɗora wa mai riƙe da bayanai alhakin tsare su. Duk fitowar gyaran tsaro tana nufin a sake saukewa, a sake gini, a sake gwaji. Configure yana barin wani ɗan kundi mai suna config.nice, wanda ke ɗauke da ainihin zaɓuɓɓukan da aka yi amfani da su. Ya kamata a buga shi tare da sakamakon make test da kwanan watan gini, a sa cikin fayil na ofis, domin a aikin gwamnati ana canja wa ma'aikaci wuri, ɗan bautar ƙasa kuwa shekara ɗaya yake yi ya tafi.