Sauya Shokazobar Gaba ta A-kori-kura a Gida



Ran da aka liƙa sanarwar wannan jawabi a ƙofar ɗakin cin abinci, wani ya bi ta da biro ya rubuta a ƙarƙashinta cewa, "Ashe gareji aka mai da jami'ar?" Ba mu san ko wane ne ba, amma muna gode masa, gama ya faɗi abin da ke zukatan mutane da yawa. A wannan zaure an saba jin jawabai a kan tsarin mulki da tattalin arziki da makomar ƙasa. Mu kuwa yau mun zo da maganar wani bututun ƙarfe wanda tsawonsa bai fi kamu guda ba, wanda ke ɓoye a bayan tayar mota cikin laka da ƙura. Makanikai suna kiransa shokazoba.

Dalilinmu shi ne, da yawa daga cikinmu in sun gama karatu ba a kan kwalta za su yi aiki ba. Malamin gona, da jami'in lafiya, da mai duba rijiyoyin burtsatse, duk a-kori-kura ce za ta kai su ƙauye ta komo da su. Waɗansunmu ma da kuɗin da a-kori-kurar mahaifinsu ta samo wajen jigilar hatsi aka biya musu kuɗin makaranta. Tun shekarar 1975, lokacin da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji, kuma aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, ɗan boko ya koyi riƙe sitiyari, amma bai koyi durƙusawa ya leƙa ƙarƙashin abin da yake tuƙawa ba. Sai ya miƙa mabuɗi ga makanike, ya nemi inuwa ya zauna da jaridarsa, duk abin da aka ce masa ya lalace ya biya. Ba muna zargin makanikai ba ne, don a hannunsu muka koyi yawancin abin da za mu faɗa. Abin da muke ƙi shi ne mutum ya ɗora ransa da na iyalinsa a kan ƙarfen da bai san aikinsa ba.

To, mene ne aikin nata? Mutane da yawa suna tsammani shokazoba ce ke ɗauke da nauyin mota. Ba haka ba ne. Sifirin ne ke ɗaukar nauyi. Sai dai sifirin yana da wani hali, watau in an danne shi aka saki ba ya komawa wurinsa ya tsaya, sai ya yi ta lilo sama da ƙasa har ƙarfinsa ya ƙare. Shokazoba ita ce ke kashe wannan lilo. A cikinta akwai mai, da fistin mai ƙananan ƙofofi. Duk sa'ad da taya ta hau tudu ko ta faɗa rami, sai fistin ya tura man ta cikin ƙofofin nan da ƙyar, ƙarfin girgizar ya zama zafi ya bi iska. Shi ya sa in kun taɓa ta bayan doguwar tafiya a kan gargada za ku ji ta da ɗumi. Akwai kuma irin da ake ɗura wa iskar naitirojin domin kada man ya yi kumfa in aiki ya yi tsanani.

Saboda haka jin daɗin zama ƙaramin abu ne a cikin aikinta. Babban aikin shi ne ta danne taya a ƙasa. Tayar da ke tsalle ba ta jin birki, ba ta jin sitiyari. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Ku auna da kanku abin da zai faru in saniya ta fito daga gona a irin wannan gudu, alhali tayoyin gaba suna taɓa ƙasa suna ɗagawa.

Alamun mutuwarta ba su da wuyar ganewa. Ku danna hancin motar da dukan ƙarfinku ta gefe guda ku saki. In ta tashi ta koma ta tsaya, da sauran rai. In ta yi ta rausaya, an gama. Ku leƙa jikin bututun: ɗan danshin mai da ƙura ta manne masa ba kome ba ne, amma man da ya kwarara har ƙasa shaida ce cewa robar da ke tare shi ta mutu. Ku shafa tayar gaba da tafin hannu, in kun ji ta ci wuri-wuri, nan tudu nan kwari, to tsalle take yi. Haka nan in an taka birki motar ta yi kamar za ta yi sujada. Masu ƙera shokazoba sukan ba da shawarar a bincike ta in ta yi tafiyar kilomita 80,000, amma wanda hanyarsa ta kasuwannin ƙauye ce, da lodin buhuna, kada ya jira wannan lissafi. Abu guda kuma da za mu ja kunne a kansa: in gaban mota ya zauna, ya yi ƙasa fiye da yadda aka san shi, laifin sifirin ne. Wanda ya sayi sabuwar shokazoba don ta ɗaga masa mota ya zubar da kuɗinsa.

Kafin kowa ya ɗauki sifana, tilas ne ya san irin motar da ke gabansa, domin a nan ne aikin gida ya rabu da aikin gareji. A yawancin Toyota Hilux da aka ƙera kafin 2005, shokazobar gaba zaman kanta take yi. Sifirin yana wurinsa, ko mai falle-falle ne ko sandar ƙarfe mai murɗuwa, ita kuma tana gefe, noti guda a sama, ƙusa mai zare a ƙasa. Wannan ita ce wadda muke cewa mai hankali zai iya sauyawa a ƙofar gidansa da hantsi guda. Amma Hilux ta 2005 zuwa yau, da tsofaffin Peugeot 404 da 504, shokazobarsu tana cikin naɗaɗɗen sifirin ne, an matse su tare. Sifirin ɗin nan a danne yake da ƙarfin da ke ɗaukar injin. Wanda ya kwance notin tsakiya na sama ba tare da ya kama sifirin da matsi na musamman ba, zai fito masa kamar harsashi, kuma fuskarsa ce a saitin. Mun ga masu ɗaure shi da igiya ko waya. Kada ku yi. In irin wannan ce motarku, abin da ya fi shi ne ku ciro su a haɗe, ku kai wa mai matsi ya raba muku, ko kuwa ku bar masa aikin dungum. Babu abin kunya a ciki.

Wajen saye, ku tafi da lambar shasi, in da hali ma ku tafi da tsohuwar a hannu. A Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna za ku sami sabuwa, za ku sami ta gwanjo, kuma kamar kowace babbar kasuwa sai an buɗe ido saboda jabu. Mu dai ba mu ga hikimar sayen ta gwanjo ba, don wanke ta da fenti ba ya mayar da abin da ya ci a ciki. Kuma biyu za ku saya, ta dama da ta hagu. Sabuwa a gefe guda, matacciya a ɗayan, ya kan sa mota ta riƙa karkata a kwana da wajen birki.

Yanzu sai aikin kansa. Tun daren jiya ku jiƙa notocin da man kwance tsatsa, in babu ko kananzir ya yi. Da safe ku tsayar da motar a wuri mai tauri wanda ya daidaita, ku ja birkin hannu, ku sa giya, ku sa waigi a tayoyin baya. Ku sassauta notocin taya tun tana ƙasa. Na Toyota galibi sifana mai lamba 21 ce ke kama su. Sa'an nan ku ɗaga da jak.

A nan za mu dakata, gama a nan ne ake mutuwa. Jak na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba. Da zarar mota ta tashi, a tokare shasinta da matokarin ƙarfe wanda aka yi domin wannan aiki, a sauke nauyin a kansa. Bulon siminti ba matokari ba ne. Yana iya ɗaukar gini shekara da shekaru, amma in ƙarfe ya danne shi a wuri guda sai ya ruguje ba sallama. Mu kanmu mun ɗanɗana. Farkon yin wannan aiki, a kan motar mahaifin ɗayanmu, mun kafa jak a kan ƙasar da aka yi wa ruwa kwana biyu da suka wuce. Muna cikin fama da noti, muna jijjiga motar, sai gindin jak ɗin ya nutse ta gefe guda, motar ta zame. Abin da ya tsare ƙafar abokinmu shi ne tayar da muka cire, wadda wani tsohon direba da ke wucewa ya ce mu tura ƙarƙashin shasi, muka tura don kunyarsa kawai. Da muka tashi ba wanda ya iya magana. Tun daga ranar, katako mai kauri a ƙarƙashin jak, matokari a ƙarƙashin shasi, taya a kwance kusa da shi, sa'an nan hannu ya shiga.

In an cire taya, ku tallafi hannun ƙarfen da ke riƙe da ita daga ƙasa da jak, ɗan kaɗan, domin a waɗansu motoci shokazoba ce ke hana shi zubewa, in ya zube kuwa tiyon birki ne zai sha ja. Ku fara da notin sama. Nan za ku gamu da abin haushi: kuna juya noti, sandar tana juyawa tare da shi. A kan sandar akwai wuri ɗan fele-fele da aka yi don ƙaramar sifana ta riƙe, ku riƙe nan ku juya notin. In tsatsa ta ci ƙarfinsa, tsohuwar ai ta riga ta mutu, ku kama ta da duk abin da ya samu, ko ku yanke notin da zarto. Yayin da kuke zare kayan, ku jera su a ƙasa yadda suka fito: washa, roba, sai ƙarfen mota, sai roba, sai washa. Wanda ya watsar da su zai tsaya yana ta juya roba a hannu yana tunanin wace fuska ce sama. Daga nan ku kwance ƙusar ƙasa, ku buga ta a hankali ta fita, ku ciro bututun.

Ku ajiye tsohuwa da sabuwa gefe da gefe, ku gwada tsawonsu a miƙe da kuma a matse, ku duba kawunansu iri ɗaya ne. In sabuwar mai mai zalla ce, ku tsayar da ita yadda za ta zauna a mota, ku ja ku tura sau huɗu ko biyar har ku ji ta yi tauri ko'ina, don iskar da ta shiga lokacin da take kwance a shago ta koma wurinta. In mai iskar naitirojin ce, za ta zo a ɗaure da ɗan maɗauri. Kada ku yanke shi sai kun kafa gindinta kun saita kanta da ramin sama, sai ta miƙe da kanta ta shige. Sandar nan mai ƙyalli kuwa, kada filaya ta taɓa ta. Ƙarzanen da ido ba ya gani ya isa ya yanka robar da ke tare mai, cikin 'yan makonni sabuwar shokazoba ta fara zuba, ku koma kuna zagin mai shago alhali laifinku ne.

Wajen ɗaurewa ma akwai inda ƙarfi ke ɓata aiki. Matasa muna da son mu ɗaure noti har sai ya yi ƙara. Notin sama ana ɗaure shi ne har robar ta kumbura ta kai faɗin washa, sai a tsaya. In an wuce nan an murƙushe ta. Ƙusar ƙasa kuma a bar ta da ɗan sauƙi tukuna. Sai an mayar da taya, an sauke motar ta zauna da nauyinta, sa'an nan a ƙarasa ɗaure ta. In aka ɗaure tun taya tana rataye, da an sauke mota robar za ta zauna a murɗe, ba za ta daɗe ba ta tsage. Wanda ya sami aron sifana mai awo, ya duba littafin motarsa ya bi adadin da aka rubuta. Notocin taya a ɗaure su a tsallake, wannan sai na daura da shi, ba bi da bi ba.

Gefen farko zai iya cinye muku awa biyu. Na biyu ba zai kai rabin haka ba. In an gama, ku zaga da motar a hankali a kan hanya mai ɗan gargada, taga a buɗe, kuna saurare. Ƙwanƙwasa daga gaba tana nufin wani noti bai zauna ba, ko an juya washa. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a sake bin notocin duka, har da na taya.

Saura tsofaffin biyu da ke yashe a ƙofar gida. Yaran unguwa za su zo nemansu don su kai wa masu sayen ƙarfe. Kada ku bari a jefa su cikin wutar bola, ko a sa musu wutar walda, domin rufaffen bututu ne mai mai a ciki, wani ma da iska a matse, in ya yi zafi fashewa yake yi. Ku kai wa mai sayen ƙarfen da hannunku, ku gaya masa abin da ke ciki.

Shugaban taro, mun zo da wata matacciyar shokazoba da muka tsaga biyu, tana kan teburin nan na baya tare da sabuwa. Wanda yake so ya ga fistin da ƙofofinsa, ko ya ja su ya ji bambancinsu a hannunsa, sai ya matso bayan an tashi. Akwai tsumma da sabulu.