Zaɓen Akwatin Wuta ga Kwamfutar Gem Mai Katin Hoto Biyu: Lissafi da Yanayin Wurno, Rabah da Goronyo

Tsakure

Wannan takarda ta duba yadda ake zaɓen akwatin wuta, wanda masu gyara ke kira fawa saflai, ga kwamfutar gem mai katin hoto biyu. Ta nuna cewa lissafin yana farawa daga katin, ya bi ta zafin garinmu, ya ƙare a janareto ko inbata.

Gabatarwa



Matashi zai tara kuɗin albasa ko na shinkafar rani, ya nufi Sakkwato ko Titin Beirut a Kano, ya sayo katin hoto biyu 'yan kwatano. Ɗan canjin da ya rage shi yake sayen akwatin wuta da shi. A nan ɓarnar take farawa, domin duk abin da ke cikin kwamfutar daga wannan akwati yake ci. Aikinsa irin na madatsar ruwan Goronyo ne da aka kammala a 1984 a kan Kogin Rima: ya karɓi wutar bango mai bolt 230 yadda ta zo, ya sake ta da awo, bolt 12 da 5 da 3.3, zuwa kowane sashe. In ya gaza, kwamfuta za ta riƙa mutuwa ana tsakiyar wasa, wani lokaci ya tafi da kati da madabod gaba ɗaya.

Shin kati biyu na da amfani a yau?

Kamfanin NVIDIA ya fito da tsarin haɗa kati biyu mai suna SLI a 2004, ATI kuma ya biyo da CrossFire a 2005. Wannan zamani ya ja baya. RTX 3090 na 2020 da RTX 3090 Ti na 2022 su ne katunan gem na ƙarshe na NVIDIA masu mahaɗin kati biyu, RTX 4090 na 2022 ya zo babu shi. Yawancin sababbin wasanni kati ɗaya suke amfani da shi, na biyun yana zaune yana shan wuta. Kati biyu na da riba ga mai harhaɗa bidiyo, da mai zanen gini, da mai buga tsofaffin wasannin da suka san tsarin. Wanda ƙwallo kawai yaransa ke bugawa, kati ɗaya mai kyau ya fi masa.

Lissafin wat

Mu ɗauki katin RX 580, wanda ake yawan samu a kayan kwatano. Kowane ɗaya yana jan wat 185, biyu sun zama 370. Furosesa irin Ryzen 5 3600 yana kaiwa wat 88. A ware kamar 70 don madabod, da ram, da faifan ajiya, da fankoki. Jimla ta kusa wat 530.

Kada a tsaya a nan. Katin hoto yakan zabura, ya ja fiye da abin da aka rubuta masa cikin ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Saboda haka ne ƙa'idar ATX 3.0 da Intel ya fitar a 2022 ta buƙaci manyan akwatuna su jure ninki biyu na ƙarfinsu na ɗan wannan lokaci. Shawarata a ƙara kashi 40 cikin 100 a kan jimlar, sai a sayi mai wat 750. Mai RTX 3090 guda biyu kuwa, katunan kaɗai wat 700 ne, da sauran kaya zai kusa 1,000, don haka mai wat 1,500 ne daidai da shi.

Abin da za a duba a jikin akwatin

Na farko, layin bolt 12, domin daga nan kati da furosesa suke sha. A karanta takardar da ke manne a jiki, a ninka amfiya da 12. Akwatin kirki mai wat 750 yana ba da kusan amfiya 62, wato wat 744. In an rubuta 750 da manyan baƙaƙe amma amfiya 30 ce a layin, wat 360 ke nan, ko katunan biyu ba zai ɗauka ba.

Na biyu, wayoyi. Ramin madabod yana ba kati wat 75, waya mai haƙora shida 75, mai haƙora takwas 150. Kowane kati a ja masa wayarsa daga akwatin. A guji 'yan jone-jonen da ake ɗaukowa daga wayar faifai, su ne ke narkewa.

Na uku, tambarin 80 PLUS. Mai matakin Bronze yana isar da kusan kashi 85 na wutar da ya ja a rabin lodi, mai Gold kusan 90. Ragowar zafi take zama. A lodin wat 530, akwati mai kashi 80 yana fitar da zafin wat 130 da 'yan kai, mai kashi 90 kuma bai kai 60 ba. Araha ba ta ado.

Yanayinmu

A watannin Afrilu da Mayu zafi a ƙasar Sakkwato yana wuce digiri 40, balle a shago mai rufin kwano. Akwatunan kirki ana auna ƙarfinsu a digiri 40 ko 50, masu araha kuma a wuri mai sanyi, shi ya sa ƙarfinsu ke raguwa da bazara. Lokacin hunturu ƙura tana toshe fanka. A ɗaga kwamfuta daga ƙasa, a riƙa hure ta akai-akai. Kada kowa ya kwance akwatin wuta da kansa in bai ƙware ba, domin yana riƙe da wuta mai kisa ko bayan an zare shi daga soket.

Sai tushen wutar. Wutar kamfanin Kaduna Electric da ke kula da Sakkwato, Kebbi, Zamfara da Kaduna ba kullum take samuwa ba, don haka yawancinmu janareto da sola muka dogara da su. Kwamfutar da muka lissafa za ta ja kusan wat 590 daga bango, da allon kallo ta haura 600. Ƙaramin janareton nan da ake zuba wa fetur gauraye da baƙin mai, ƙarfin aikinsa kusan wat 650 ne, ya zo wuya tun ba a kunna fanka ba. Inbata mai kVA 1.5 yana ba da kamar wat 1,200, kuma a nemi mai tsabtatacciyar wuta irin ta layin kamfani, domin masu araha suna sa akwatunan zamani ƙara ko mutuwa. Batiri mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da wat 2,400 na awa ɗaya. In na ruwa ne, rabinsa ya kamata a ci, wanda ba zai cika awa biyu ba.

Kammalawa da shawarwari

Mai saye ya rubuta lissafinsa a takarda kafin ya shiga mota, ya ware kuɗin akwatin wuta tun farko, kuma ya fifita sabo mai garanti ko da sauran kayan na hannu ne. Masu gyara su gwada kwamfuta da cikakken lodi a gaban mai ita, su gaya masa gaskiya in kati ɗaya ya ishe shi. Masu gidajen gem su sa sitabilaiza da wayar ƙasa, su auna janaretonsu kafin su ƙara na'ura.

Ina kira ga manyan masu gyara na Wurno da Rabah da Goronyo da su koya wa yaran shagonsu wannan lissafi, domin tarawa ne da ninkawa kawai, kuma yana tsare jarin shekara guda. Allah ya sa wa sana'armu albarka.