Gobara da Benayen Ƙarfe

Maƙasudin wannan lacca shi ne mu duba wani zato da ya zauna a zukatan mutane da yawa, wato cewa ginin da aka tsayar da ginshiƙai da azarori na ƙarfe ya fi ƙarfin gobara.

Gaskiya ne ƙarfe ba ya kamawa da wuta kamar itace. Amma duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya ga abin da wuta ke yi masa. Maƙeri ba ya jira sai ƙarfe ya narke. Da ya yi ja, sai ya lanƙwasa shi yadda ya ga dama. Shi ya sa Hausawa ke cewa da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Ƙarfen gini ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 1,500 a ma'aunin Salshiyas, amma tun daga digiri 550 zuwa 600 ya riga ya rasa kusan rabin ƙarfinsa. Ita kuwa gobara, in ta game ɗaki mai kaya, tana iya kai digiri 1,000.

Haɗari na biyu shi ne miƙewa. Azara mai tsawon mita 10, idan zafinta ya ƙaru da digiri 500, takan ƙara tsawo da kimanin santimita 6, ta tura abin da ke riƙe da ita. A ran 11 ga Satumba, 2001, wani bene mai hawa 47 a Cibiyar Ciniki ta Duniya da ke birnin New York, wanda jirgi bai taɓa ba, ya rushe bayan ya yi kusan awa 7 yana ci da wuta. Binciken Gwamnatin Amurka na 2008 ya nuna cewa miƙewar azarori ce ta ture wata babbar azara daga mazauninta, rushewa ta fara daga nan.

To, mene ne magani? A sa wa ƙarfe riga. Akan lulluɓe shi da kankare, ko a kewaye shi da alluna masu jinkirta zafi, ko a shafa masa wani fenti wanda ke kumbura in ya ji wuta, ya zama kamar bargo. Wannan riga ba ta hana ƙarfe zafi har abada. Jinkiri kawai take samarwa, minti 30, ko 60, ko 120, gwargwadon tsawon bene. A cikin wannan lokaci ne mutane za su fita, 'yan kwana-kwana kuma su yi aikinsu.

Bari in kawo misali biyu. A watan Fabrairu, 2005, benen Windsor da ke Madrid, babban birnin Sifen, ya kwana yana ci. Hawayen sama, inda ba a riga an rufe ginshiƙan ƙarfe ba, sun zube. Tsakiyar ginin da ke na kankare ta tsaya. A ran 19 ga Janairu, 2017 kuma, benen Plasco na birnin Tehran a ƙasar Iran, mai hawa 17, cike da shagunan ɗinki da yadudduka, ya rufta cikin 'yan sa'o'i. Ƙarfensa ba shi da riga, ba shi kuma da famfunan da ke fesa ruwa da kansu. 'Yan kwana-kwana 16 suka rasu a ciki.

Saboda haka, ku ma'aikata da ke sa hannu a kan taswirar gini, ko na ofis, ko sito, ko rumfunan kasuwa, kada ku tsaya ga tambayar ko ƙarfen na da kauri. Ku tambaya: minti nawa zai jure wa wuta, kuma me aka rufe shi da shi? Bayan an tare, a riƙa dubawa, domin masu ja wayar lantarki da masu sa famfo sukan kankare rigar nan su tafi ba su mayar ba. Ku ɗalibai kuma, duk benen da kuka shiga, ku fara sanin inda matakalarsa take.