Matacin gazuwal, ƙaramin abu mai tsaida babbar mota

Ga jawabin da wakilinmu ya yi wa manoman tattasai da direbobi, a wata makarantar yaƙi da jahilci ta bakin Komadugu.

Samari na baya, ku matso, yawancin zancen naku ne.

Ni ba makaniki ba ne, kun sani. Aikin malanta na koya, alli da alƙalami su ne kayan aikina. Amma wata rana mota ta koya mini karatu. Mun taso daga wajen Geskeru za mu Diffa, cikin wata a-kori-kura shaƙe da buhunan tattasai. Da muka shiga rairayi sai mota ta soma shiɗewa. Direba ya taka wuta, ta ƙi amsawa. Ta yi tari biyu, ta mutu. Tun azahar muke wurin har rana ta yi ja. Mai tattasai ya rasa cin kasuwar ranar. Akwai wata mata da yaronta marar lafiya, za ta kai shi likita. Kuma kun san tun 2015 ba wanda yake son dare ya riske shi a daji a wannan yankin. Da makaniki ya zo, abin da ya ciro bai fi gwangwanin madara girma ba. Ya zazzage shi a ƙasa, sai ruwa da laka baƙi ƙirin. Tun daga ranar nake zama wurin makanikai ina tambaya. Abin da na samo shi na kawo muku yau.

Mota tana da mataci uku: na iska, da na baƙin man inji, da na gazuwal, wato man da maƙwabtanmu na Najeriya suke ce wa gas. Makanikai suna kiran kowanne filta. Yau zancenmu a kan na gazuwal ne.

Don me injin gazuwal yake tsoron datti?

Injin nan ya samo sunan dizal daga wani Bajamushe, Rudolf Diesel, wanda ya tada shi a 1897. Ba ya aiki da fulogi kamar injin fetur. Yana matse iska ne har ta yi zafi ƙwarai. Sannan babban famfo ya turo gazuwal da ƙarfi, ya fesa shi cikin iskar ta wasu ƴan bakuna da ake ce wa nozul. Nan take man ya kama wuta. Ramukan nozul sun fi kafar allura ƙanƙanta. Ƙarafan da ke cikin babban famfo kuwa sun matsu da juna, ko silin gashi ba ya shiga tsakaninsu. Kuma a yawancin motocin nan, gazuwal ɗin shi ne man da yake sa su santsi.

To, ku duba. In ƙwayar rairayi ta shiga, tana cin ƙarfe kamar yadda dutsen niƙa yake cin gero. In ruwa ya shiga, santsi ya tafi, tsatsa ta zo. Iyayenmu mata, ba ku zuba kunu sai kun tace gasara. Aikin matacin mota ke nan. A cikinsa akwai wata takarda mai ninki-ninki, tana kama ƙurar da ido ba ya gani. A gindinsa akwai wurin da ruwa yake kwanciya, don ruwa ya fi gazuwal nauyi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, lita ɗaya ta gazuwal ba ta kai giram 900 ba.

Daga ina dattin yake zuwa?

A jaharmu ta Diffa ake haƙo ɗanyen mai, a Agadem. Tun 2011 ake tace shi a matatar SORAZ, kusa da Damagaram. Amma tsakanin matata da tankin motarka akwai hannu da yawa. Mu na ƙauye ba kullum muke shan mai a gidan mai ba. Muna saye cikin tano, muna juyewa cikin jarka, muna zubawa da mazurarin da ya kwana a ƙasa. Jarkar da aka ɗebo ruwa da ita jiya, yau an zuba mata gazuwal. Tano ya kwana a buɗe lokacin damina. Ga kuma hunturu. Watannin da ake tsinkar tattasai ana kai shi kasuwa, su ne watannin da ƙura ta fi yawa. Wato lokacin da mota ta fi aiki, lokacin ne mataci ya fi shan wahala.

Har tankin mota yana yin ruwa da kansa. In ya kwana rabi, sanyin dare yana sa gumi ya taru a jikinsa daga ciki, ya gangara cikin mai. Shi ya sa cika tanki da yamma ya fi cika shi da safe.

Ga dabarun da ba su cin ko dala. In kun sayo tano, ku bar shi ya kwana ɗaya ko biyu ba motsi, datti ya kwanta. Kada tiyo ya taɓa gindin tano. Jarkar mai ta zama ta mai kaɗai, da murfinta. In kuna shakkar man da za ku saya, ku zuba kaɗan cikin farar kwalba, ku ajiye ɗan lokaci. In da ruwa, za ku gan shi a ƙasa, ya ware.

Yadda mota take faɗin ciwonta

Mataci ba ya toshewa rana ɗaya. Mota tana ba da labari tun da wuri. Tana wuyar tashi da safe. Tana tafiya lafiya a kan kwalta, amma da ta ɗauki kaya ko ta shiga rairayi sai ƙarfi ya tsere. Tana fizga, tana mutuwa in an tsaya. Motoci da yawa suna da ƴar fitila a gaban direba, mai hoton mataci. Wasu har da ƙara. In ta kama, ruwa ya taru ke nan, ko mataci ya cika. Na ga direban da ya cire wayar fitilar don ta dame shi. Wannan kamar mutum ya ɗaure bakin karensa ne don yana haushin ɓarawo.

Zubar da ruwan ba wuya. Ka kashe mota. Ka sa gwangwani a ƙarƙashin mataci. Ka kwance ɗan murfin da ke gindinsa da hannu, juyi biyu. Ka danna ƙaramin famfon hannu da ke kansa, har ruwa ya ƙare, gazuwal mai tsabta ya biyo. Ka ɗaure da hannu. Mai shan man tano ya riƙa yin haka kowane mako.

Yaushe ake sake shi ɗungum? Littafin motarka ya faɗa. A motoci da yawa, tsakanin kilomita dubu 20 ne da dubu 40. Amma wannan lissafin na mai tsabta ne. A nan wurinmu, shawarata kada ku jira. Ku sa sabo kafin jigilar tattasai ta soma, ku ajiye wani a mota.

Yadda ake sakewa

Da farko a sayi wanda ya dace. A jikin tsohon mataci akwai lamba, haruffa da alƙaluma. Ka rubuta ta a takarda, ka tafi da ita shago. Biyu suna iya yin kama a ido, amma cikinsu dabam. Akwai na jabu a kasuwa, kwalinsu kyakkyawa, takardar ciki ba ta tace komi. In araha ta yi yawa, ka yi shakka. Ka duba yana cikin ledarsa, kuma robobinsa sababbi suna tare da shi.

Ka tsaida mota a wuri mai lafiya, inda ba iska. Kada a yi wannan aiki a fili ranar da ƙura take tashi. Ka kashe inji, ka cire makulli, ka bari ya huce. Ba taba, ba wutar shayi kusa. Ka wanke hannu. Ka goge kan mataci da kewayensa tas kafin ka kwance komi. Wannan gogewar ita ce rabin aikin, ita ce kuma aka fi mantawa.

Ka zubar da man da ke ciki cikin gwangwani, yadda na faɗa ɗazu. Ka zare wayar da ke gindinsa a hankali. Sannan ka murɗe tsohon mataci ya fita. In ya ƙi, akwai sifana mai ɗamara da ake kama shi da ita. A gindinsa akwai wani abu na roba mai tauri, shi ne mai jin ruwa. Ba a yar da shi. Ka kwance shi, ka wanke da gazuwal mai tsabta, ka sa masa sabuwar roba, ka ɗaura shi a gindin sabon mataci. Ka leƙa sama ka tabbata tsohuwar roba ba ta liƙe ba. Roba biyu a wuri ɗaya yoyo ne.

Ka shafa gazuwal kaɗan a robar sabon da yatsa. Ka murɗa shi da hannu har roba ta taɓa. Ka ƙara kamar kashi uku cikin huɗu na juyi ɗaya. Shi ke nan. Samari, ku nake kallo: ba wurin gwada ƙarfi ba ne. Ka maida waya.

Wasu suna cika sabon mataci da man jarka kafin su ɗaura, wai don mota ta tashi da sauri. Ban yarda da wannan ba. Man da ya shiga ta ramin tsakiya ya tsallake takarda, ya wuce babban famfo da dattinsa. Ka bar famfon hannu ya cika shi.

Saura fidda iska. Injin gazuwal ba ya tashi in iska ta shiga hanyar mai. Ka yi ta danna famfon hannu. Da farko za ka ji shi sakwaf, sannan ya soma tauri. In akwai ɗan noti na fidda iska a kan mataci, ka sassauta shi, ka danna har kumfa ta ƙare, mai zalla ya fito, ka ɗaure. Sannan ka tada mota. In ba ta tashi ba cikin daƙiƙa 10 ko 15, ka saki makulli, ka koma ga famfon hannu. Kada ka yi ta murzawa har batir ya mutu. In ta tashi, ka bar ta tana aiki ɗan lokaci, ka shafa kewayen mataci da busasshen tsumma, ka ga ko akwai jiƙa. Inda mai yake fita, nan iska take shiga.

Wannan bayanin na motocin da muka fi sani ne, irin tsofaffin Hilux da Land Cruiser. A wasu sababbin motoci ba a yar da gwangwanin. Ana buɗe murfi ne, a cire takardar ciki, a sa sabuwa. Injinsu yana fesa mai da ƙarfin da ya ninka na tsofaffi, kuma ya fi su tsoron datti. Kada kowa ya kwance bututun ƙarfen da ke zuwa nozul a irin waɗannan. Feshin yana huda fatar mutum. Wannan aikin makaniki ne.

Abu biyu nake roƙo a daina. Na ɗaya, wanke tsohon mataci da fetur a maida. Takardar ta riga ta sha datti, wanki yana yaga ta ne kawai. Na biyu, huda shi da ƙusa, ko haɗa tiyo a tsallake shi. Mota za ta tashi, gaskiya ne. Amma galibi kuɗin mataci bai kai na buhun tattasai ɗaya ba. Gyaran babban famfo kuwa yana cin buhuna da yawa, kuma sau da yawa sai an cire shi an kai babban gari, Damagaram ko Maiduguri. Daga Diffa zuwa Damagaram ya fi kilomita 400. Mota tana zaune, tattasai yana jira a gona.

Masu injin ban ruwa mai shan gazuwal, ku ma da ku nake. Shi ma yana da ɗan matacinsa kusa da tanki. In ya mutu sati ɗaya lokacin da tattasai yake fure, kun fi ni sanin asarar. Tsohon mataci da man da aka zubar kuma, kada a jefa su Komadugu. Ruwan nan muke sha, shi dabbobi suke sha, a cikinsa kifi yake. Kada a ba yara su yi wasa da shi.

Abu na ƙarshe. Kowace mota ta sami ɗan littafi. Ranar da aka sake mataci, a rubuta kwanan wata, da lambar da agogon kilomita ya nuna, da lambar mataci. In motar ƙungiya ce, magatakarda ya duba littafin kowane wata, ya sa hannu. Ta haka ba gardama tsakanin direba da masu mota.

Yanzu mu fita waje. Direban ƙungiya ya yarda a buɗe motarsa, ga sabon mataci na zo da shi. Malam, a ba mu allo mu rubuta lambar. Wani yaro ya kawo gwangwani da tsumma mai tsabta. Wanda ya fi kowa shakka, shi zai fara danna famfon hannu.